Northern Dancer, guntun dokin Kanada da jininsa ya cika duniya: tambayoyi da amsoshi

Wai wane doki ne Northern Dancer da ake ta ambatonsa duk inda aka zauna hirar dawakan tsere?

Doki ne ɗan ƙasar Kanada, an haife shi ranar 27 ga Mayu 1961 a gonar Windfields da ke garin Oshawa a lardin Ontario, ya mutu 16 ga Nuwamba 1990. Mai gonar wani attajiri ne, E. P. Taylor, wanda ya ɗauki shekaru yana zuba kuɗi don ya nuna wa Amurkawa cewa ƙasar sanyi da ƙanƙara ma za ta iya fitar da dokin da zai kayar da na Kentucky. Dokin ya shiga tsere sau 18, ya ci 14, ya zo na biyu sau 2, na uku sau 2, wato ko sau ɗaya bai taɓa faɗowa ƙasa da na uku ba. Amma ni a wurina tseren ma ƙaramin sashe ne na labarinsa. Babban aikin a barga ya yi shi bayan ya bar fili, don yau da wuya ka ɗauko takardar asalin wani babban dokin tsere a Ingila ko Faransa ko Japan ko Ostareliya ka bi ta baya ba ka ci karo da sunansa ba, wani lokacin ma sau uku sau huɗu a takarda guda.

Yaya kamanninsa suke?

Ja ne mai duhu da baƙar geza da baƙar wutsiya, irin wanda za mu ce bikili, da farin zane a fuska wanda ya ɗan karkace zuwa hanci, ƙafafu uku farare. Gajere ne sosai, tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa bai fi santimita 155 ba, a cikin dawakan da yawancinsu sun haura 160. Amma a cure yake, faffaɗan ƙirji, cikakkun cinyoyi, wuya mai kauri. Takunsa gajere ne sai dai yana maimaita shi da sauri ba kama hannun yaro, kuma yana iya sauya gudu nan take ya kutsa ta ƴar kafa tsakanin dawakai biyu, abin da dogon doki sai ya ɗauki lokaci kafin ya tattara jikinsa ya yi.

Da gaske ne an kai shi kasuwa ba wanda ya taya?

Da gaske ne, kuma wannan wurin ne ya fi taɓa min zuciya a duk labarin. Al'adar Taylor ce duk shekara ya fito da dukushan gonarsa masu shekara ɗaya, ya sa wa kowanne farashi, wanda aka saya a tafi da shi, wanda ya rage shi zai riƙe ya sa a tsere. A 1962 aka sa wa wannan dala 25,000. Masu kuɗi suka zo suka zagaya, suka duba shi sama da ƙasa, suka ga ɗan guntun abu kamar kuru a tsakiyar ingarmu, suka wuce. Ba wanda ya lura cewa a ƙarshen watan Mayu aka haife shi, alhali ƙa'idar dawakan tsere a can ita ce duk doki ana ƙara masa shekara ne ranar 1 ga Janairu, to ka ga sa'o'insa da aka haifa a Fabrairu ko Maris sun ba shi wata biyu zuwa uku, kuma a jikin dukushi wata uku ba wasa ba ne. Haka ya koma bargar mai shi. Rabon Taylor ne kawai, da an saye shi ranar da labarin gonar Windfields ya zama wani daban.

Me ya sa aka haife shi a makare haka?

Uwarsa Natalma ita ma ƴar tsere ce, ana shirya ta shiga babbar gasar goɗiyoyi ta Kentucky Oaks a 1960 sai ta ji ciwo a gwiwa. Maimakon a bari sai shekara ta zagayo, aka ce a kai ta wurin ingarman gidan, Nearctic, duk da lokacin barbara ya kusa wucewa. Goɗiya kuwa wata 11 take ɗaukar ciki. Shi ya sa.

Su wane ne iyayensa da kakanninsa?

Nan ne masu tayin suka yi babban kuskure, don jinin a rubuce yake ƙarara. Ubansa Nearctic ɗan Nearco ne, shi kuma Nearco dokin Italiya ne da Federico Tesio ya kiwata, ya yi tsere 14 ba a taɓa kayar da shi ba. Yadda Nearctic ya zo Kanada ma abin ji ne: Taylor ya sayi goɗiya mai suna Lady Angela a Newmarket ta Ingila a 1952, ya sa aka sake kai ta wurin Nearco kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa, ta iso Kanada da cikin Nearctic. Ita Lady Angela ƴar Hyperion ce, wanda ya ci Derby ta Ingila a 1933, kuma shi ma ɗan ƙaramin doki ne, to ka ga gajartar ba daga sama ta faɗo ba. Ta wajen uwa kuwa, Natalma ƴar Native Dancer ce, wani doki mai launin toka a Amurka wanda sau ɗaya tak aka kayar da shi cikin tsere 22, kuma abin mamaki a Kentucky Derby, babbar gasar tseren dawakai ta Amurka, aka kayar da shi, gasar da jikansa ya zo ya ci bayan shekara 11. Daga nan aka haɗa sunan: Northern, wato na arewa, daga wajen uba, Dancer, wato mai rawa, daga wajen kaka.

In ka ci gaba da bin layin uba zuwa uba za ka wuce ta kan Phalaris, ka wuce Eclipse da aka haifa a 1764, har ka isa kan Darley Arabian, dokin Larabawa da aka saya a Halab ta ƙasar Sham aka kai Ingila a 1704.

An ce mugun doki ne mai cizo, haka ne?

Yana da zafin kai, wannan ba gardama. Tun yana ƙarami yake tutsu, yana kai cizo, yana wahalar da masu kula da shi, har mai horar da shi, Horatio Luro, ɗan Ajantina, ya ba da shawarar a fiɗiye shi ko ya natsu. Taylor ya ƙi. Kai jama'a, ka tsaya ka yi tunanin wannan: da Taylor ya ce to a ranar, babu Nijinsky, babu Sadler's Wells, babu Galileo, babu Frankel, manyan dawakan da suka fito daga tsatsonsa. Ni ban kiransa mugu, doki ne mai jin kansa wanda ba ya son wani doki ya sha gabansa ko a fili ko a barga, kuma wannan zuciyar ce ta sa shi cin tsere. Matar Taylor, Winifred, tana cikin ƴan kaɗan da yake sakar wa jiki.

Yaya ya fara tsere?

Ya fara ranar 2 ga Agusta 1963 a filin Fort Erie a Kanada, mahayinsa wani matashi ne mai koyon aiki, Ron Turcotte, wanda bayan shekara 10 shi ne ya hau shahararren dokin Amurka Secretariat. Ya ci da tazara mai yawa. A shekarar ya yi tsere 9 ya ci 7, har da Coronation Futurity a Kanada da Remsen a New York. Sai matsala ta taso, kofatonsa na gaba ya tsage daga sama, irin tsagewar da in ba a yi dabara ba sai an ajiye doki watanni kofato ya sake tsiro. Luro ya nemo wani maƙerin kofato daga California mai suna Bill Bane wanda ya ƙirƙiro hanyar yi wa kofato faci da wani abu mai kama da roba, aka liƙe tsagar, doki ya koma atisaye. Da facin nan ya shiga shekarar 1964.

To ya aka yi a Kentucky Derby ɗin?

Kafin ranar ya riga ya ci Flamingo da Florida Derby, kuma mahayinsa a lokacin Bill Shoemaker ne, wanda ana ganin babu kamarsa a Amurka. Sai Shoemaker ya sauka ya zaɓi wani dogon doki ɗan California mai suna Hill Rise, don a ganinsa shi ne zai ci Derby. Aka ba Bill Hartack linzamin ɗan Kanada, suka ci Blue Grass tare, sannan suka nufi Churchill Downs a birnin Louisville.

Ranar 2 ga Mayu 1964. Nisan tseren mil ɗaya da kwata, kusan mita 2,000. Yawancin mutane Hill Rise suke kyautata wa zato. Hartack ya riƙe dokinsa kusa da shinge yana tanadin ƙarfi, da aka zo wajen kwanar ƙarshe ya ga ƴar kafa sai ya fito da shi waje tun kafin Shoemaker ya rufe hanyar, guntun dokin nan ya yi wuf ya ba da tazara, shi kuma Hill Rise sai da ya ɗauki lokaci kafin ya miƙe ƙafa. A miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe Hill Rise ya taso yana cin tazarar kaɗan-kaɗan, kowane taku nasa ɗaya kamar ɗaya da rabi na ɗan Kanada, amma wallahi dokin nan ya ƙi ba da kai, ya riƙe har layi, ya ci da tsawon wuya. Lokacin da agogo ya nuna minti 2 daidai, ba a taɓa gudun Derby da sauri haka ba, kuma tarihin ya tsaya har 1973 da Secretariat ya karya shi. Shi ne doki na farko haifaffen Kanada da ya ci gasar, kuma ka tuna, a ranar bai ma cika shekara 3 na haƙiƙa ba, saura kwana 25.

Me ya hana shi cin manyan kofuna ukun Amurka, wato Kentucky Derby da Preakness da Belmont, gaba ɗaya?

Bayan mako biyu ya ci Preakness a Baltimore, Hill Rise ya zo na uku, wanda ya rufe bakin masu cewa sa'a ce. Saura Belmont, wadda ta fi tsawo, mil ɗaya da rabi, a shekarar a filin Aqueduct aka yi ta saboda ana gyaran filin Belmont. Luro da kansa bai so a shiga ba, yana ganin nisan ya yi wa dokin yawa, amma Taylor ya so a gwada. Ya zo na uku, Quadrangle ya ci, Roman Brother na biyu. Har yau ana muhawara, wasu na cewa Hartack ya danne shi da yawa a farkon tseren da aka tafi a hankali har doki ya gaji da faɗa da linzami, wasu na cewa nisan ne kawai. Ni na fi karkata ga na farkon, saboda ƴaƴansa da jikokinsa sun zo sun cinye manyan tseren mil ɗaya da rabi a Turai ba iyaka, ka ga dogon numfashi yana cikin jinin.

Daga nan ya koma gida ya ci Queen's Plate a filin Woodbine na Toronto da tazarar tsayin doki bakwai da rabi, mutanen Kanada suka fito kamar ranar salla. Wannan ne tserensa na ƙarshe, jijiyar ƙafarsa ta gaba ta samu rauni aka ajiye shi. A 1965 aka sa shi a zauren girmama gwanayen wasanni na Kanada, shi ne dabba ta farko da aka yi wa haka.

Yaushe aka gane cewa a barbara ma ba shi da na biyu?

Ba a daɗe ba. Ya fara a 1965 kan dala 10,000 kowace goɗiya, kuma saboda gajartarsa sai da aka yi masa dabara a ɗakin barbara don ya iya kai wa dogayen goɗiyoyi. Cikin haihuwar farko aka samu Viceregal wanda ya zama gwarzon dokin Kanada na 1968. A ta biyu kuwa aka samu Nijinsky. Shahararren mai horar da dawakai na ƙasar Ayilan, Vincent O'Brien, ya je Windfields ne don ya duba wa attajirin Amurka Charles Engelhard wani dukushi ɗan shahararren ingarma Ribot, bai yi masa ba, idonsa ya faɗa kan wani ɗan Northern Dancer, dogo kyakkyawa wanda ko kaɗan bai ɗauko jikin uban ba. Aka saye shi dala 84,000. A 1970 Nijinsky da mahayinsa Lester Piggott suka ci 2000 Guineas da Derby da St Leger, manyan kofuna ukun Ingila, kuma daga shi har yau ba dokin da ya sake haɗa ukun nan. A lokacin an riga an mayar da uban jihar Maryland ta Amurka don ya fi kusa da manyan goɗiyoyi, a 1970 kuma aka raba mallakarsa hannun jari 32, jimilla dala miliyan 2.4.

Waɗanne ne manyan ƴaƴansa?

Suna da yawa, kuma abin da ya bambanta shi da sauran manyan ingarmu shi ne ƴaƴansa maza su ma sun zama iyayen gidaje, kowa da nasa reshen. The Minstrel ya ci Derby ta Ingila a 1977. A 1984 kuwa ƴaƴansa biyu ne suka yi kankankan a layin ƙarshe na Derby, Secreto ya kayar da El Gran Senor da ƙyar, wanda ya horar da Secreto kuma David O'Brien ne, ɗan Vincent O'Brien mai horar da El Gran Senor, wato ɗa ya kayar da uba da dawakai ƴan uba ɗaya. Akwai Lyphard da Nureyev da suka yi tsere daga Faransa, akwai Storm Bird uban Storm Cat, akwai Northern Taste da ya je Japan ya yi shekaru yana kan gaba a can. Danzig tsere uku kawai ya yi, ya cinye duka, gwiwa ta hana shi ci gaba, amma shi ya haifi Danehill wanda ya mamaye Ostareliya, da Green Desert.

Wanda ya fi kowa nauyi a Turai dai Sadler's Wells ne, sau 14 yana zama zakaran ingarmu na Birtaniya da Ayilan. Ɗansa Galileo ya karɓa ya yi sau 12, shi kuma Galileo ya haifi Frankel na Yarima Khalid Abdullah ɗan Saudiyya, wanda ya yi tsere 14 ya cinye 14. Uwar Frankel kuma ƴar Danehill ce, to Frankel ta uba ta uwa duk gida ɗaya ya koma.

A lissafi, ƴaƴansa da aka yi wa rajista 645 ne, 411 sun ci tsere, 147 sun ci manyan gasanni masu daraja, fiye da ɗaya cikin biyar ke nan, alhali ingarman da ya samu ɗaya cikin goma ma ana yi masa kirari. Kuma a shekara 23 ya tara su, ƙasa da 30 a shekara, ba irin na yanzu da ake kai wa ingarma ɗaya goɗiya 200 ba.

Maganar kuɗin da ake faɗa, ba ƙari a ciki?

Babu. A farkon shekarun 1980 kasuwar dukushai ta Keeneland a Kentucky ta zama fagen gwada ƙwanji tsakanin ɓangaren Robert Sangster da O'Brien da John Magnier na gonar Coolmore, da kuma ƴaƴan gidan Maktoum na Dubai, kuma duk ƴaƴan dokin nan suke wawaso. A 1981 yana da shekara 20 aka taya shi dala miliyan 40, masu hannun jari suka ce albarka. Kuɗin kai masa goɗiya sau ɗaya ya kai har dala miliyan 1, ba tare da alkawarin za ta ɗauki ciki ba. A 1983 Sheikh Mohammed bin Rashid ya sayi wani ɗansa mai shekara ɗaya, Snaafi Dancer, dala miliyan 10.2, dokin bai taɓa shiga tsere ba saboda ba shi da gudu, da aka mayar da shi barbara kuma haihuwar ta ƙi. A shekarar dai wani ɗan nasa na gidan Maktoum, Shareef Dancer, ya ci Derby ta Ayilan. Uba ɗaya, gida ɗaya ya saye su, ɗaya ya fito ɗaya bai fito ba.

Me ya sa ba a ɗebi maniyyinsa an adana ba, tunda yana da tsada haka?

Dokar wannan irin dawakai ta hana. Ba a yi wa dukushi rajista sai in ingarma ya hau goɗiya da kansa, ba allura ba dashen ƙwai. Wannan ne ma ya sa kuɗin ya yi ta hawa, gurbin kaɗan ne masu nema da yawa.

Yawan jininsa a ko'ina ba zai zama illa ba?

Wannan tambayar tana damuna ƙwarai, kuma masu kiwo na gaskiya ita suke tattaunawa yanzu. Duk wanda ya taɓa kiwo ko na tumaki ne ya san in aka yi ta maimaita jini ɗaya a garke, abin kirki yana ƙaruwa, aibu ma yana taruwa. Wani binciken ƙwayoyin gado da masana a Ayilan suka fitar a 2020 ya nuna kusancin jini a dawakan tsere yana ta ƙaruwa cikin shekaru kusan 50 da suka wuce, kuma kashi 97 cikin 100 na dawakan da suka duba suna da Northern Dancer a asalinsu. Laifin ba na dokin ba ne, na kasuwa ne, kowa so yake ya haifar da abin da zai yi tsada a gwanjo, sai aka bar sauran gidaje suna mutuwa. Shi ya sa ingarma irin Dubawi na gidan Maktoum, wanda layin ubansa ta wajen wani ingarma Mr. Prospector ya bi, ba ta wajen Northern Dancer ba, ya zama abin nema ga masu goɗiyoyi ƴaƴan Galileo, kuma Japan ta samu nata numfashin ta hanyar Sunday Silence da ɗansa Deep Impact.

Yaya ƙarshensa ya kasance, ina kabarinsa?

An dakatar da shi daga barbara a watan Afrilu 1987 yana da shekara 26, ƙarfin haihuwa ya ragu. Ya ci gaba da zama a bargarsa a Maryland ana kula da shi. Taylor ya riga shi mutuwa, a 1989. A Nuwamba 1990 ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, irin murɗawar hanjin nan da ke kashe dawakai, likitoci suka ga a shekara 29 ba zai jure tiyata ba, aka yi masa allura ya huta. Aka sa shi cikin akwatin katako da aka ƙera masa musamman, aka ɗauko shi a mota aka tsallaka iyaka zuwa Oshawa, aka binne shi gaba ɗayansa a gonar da aka haife shi. A 1999 hukumar gidan waya ta Kanada ta buga kan sarki mai hotonsa. Gonar Windfields ta rufe a 2009, gidaje da gine-ginen jami'a sun cinye yawancin filin, amma an bar tsohuwar bargar da maƙabartar dawakan, kabarinsa na nan tare da na wasu dawakan gidan, ciki har da ɗansa Vice Regent.